Ranar da Na Bar Muryar Mama a Injin Masallaci

Fasto ya ce in rubuta muku yadda ake aikin sauti, tunda ranar Lahadin da ta wuce na buge hannun Markus a gaban 'yan kwaya masu waƙar coci, uwarsa kuma ta kai ƙarata wurin dattawa. In kun manta laifinsa, ga shi: ya soka filashinsa mai ɗauke da waƙoƙi a injin sautin coci don ya gwada waƙa, ya tashi ya tafi gaisawa da 'yan mata, ya bar shi a ciki. Ku yi haƙuri da rubutun, a aji uku na sakandare muka rabu da makaranta, kuma cikinmu babu wanda ya yi kukan wani. Markus, ban ba ka haƙuri ba tukuna. Karanta har ƙarshe. In ka ga har yanzu kana so, ka zo shago ka karɓa.

Na san yadda kuke kallon teburin nan nawa na bayan coci. Ga fanka, ga kujera mai soso, kowa na tsaye ana waƙa ni ina zaune ina murɗe-murɗe kamar direban jirgi. Dauda ma cewa ya yi, "Oga Ayuba, ai wannan aikin ko akuya aka koya wa za ta iya." To Dauda, kawo akuyar, wataƙila ta fi ka jin magana.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan rediyon wani mahauci ne daga kasuwar shanu. Mama ce ta kai ni wurin Baba Yohanna, riƙe da kunnena, bayan an tashi sujada a coci. Dattijo ne a cocinmu, yana da shagon gyaran rediyo da lasifika kusa da tasha. Ta ce masa, "Baba, ga shi nan. Boko ya ƙi shi. In kai ma ka ƙi shi, sai in mayar wa Ubangiji kayansa." Washegari ya miƙo min rediyon da sukudireba ya ce in buɗe. Ina buɗewa kyankyasai suka watso min a cinya kamar an tashi kasuwa. Na yi tsalle, na zubar da gwangwanin kusoshi. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ka gaishe su, su ne abokan aikinka." Wata uku ban taɓa ƙarfen dalma ba. Aikina tsohon buroshin haƙori da fetur, in wanke cikin inji, in ware kusoshi manya da ƙanana, in hura gawayi.

E, gawayi. Ku da kuka zo kuka tarar da sola ba ku san wannan ba. In babu wuta, a kan garwashi muke ɗora ƙarfen dalma ya yi zafi. In ya yi sanyi dalma ta dunƙule, bayan sati inji ya dawo. In ya wuce zafi ka ɗaye hanyar wutar da ke jikin allon, ka kashe kayan mutum gaba ɗaya. Da kunci ake gwadawa, ka kawo shi kusa ka ji hucinsa. Tabon da ke gefen hancina, wanda kuke cewa budurwa ce ta yakushe ni, daga nan ne. Sauran kayan aikin ba su da yawa: mita mai allura, filaya, salatif baƙi, sai wata rula ta katako da ba ta taɓa auna komai ba in ba yatsuna ba. Kullum da safe kafin mu taɓa kaya sai ya cire hula ya yi addu'a, gajeriya, ba irin ta Mama ba. "Ubangiji, kada mu ƙona kayan mutane yau. Amin."

Wani abu da ba ku sani ba, coci ba ta ciyar da mai gyaran lasifika a Potiskum. Coci nawa ne a garin? Masallaci kuwa kowane lungu akwai, kowanne da hon a samansa, irin lasifikar nan mai buɗaɗɗen baki, rana ta dake ta, ruwa ya shige ta, ƙadangare ya yi ɗaki a ciki. Sai masu tallan magani a kasuwa, sai 'yan biki, sai masu neman fasinjan Damagum da Fika a tasha. Amma masallatai su ne abincinmu. Baba Yohanna ya hau rufin masallatan garin nan fiye da kowane Musulmi da na sani. Zai cire takalmi a ƙofa, ya gaida liman, ya yi aikinsa, a kawo masa kunu.

Cikin ladanai akwai Baba Modu, tsoho ɗan Barno, idonsa ya fara hazo. Hausarsa mace da namiji duk “ya” ne. Yana da halin da ke kashe makirfo: kafin ya kira salla sai ya hura shi, fuu, fuu, yawu ya shiga ya ci tsatsa. In ya kawo gyara sai ya zauna a benci ya ce, "Yohanna, yaushe za ka musulunta in huta?" Oga, wato Baba Yohanna, ya ce, "Ranar da ka daina tofa wa makirfo yawu." Baba Modu ya ce, "To ka mutu a cocinka." Su yi dariya, a raba goro.

Yanzu ku buɗe kunne, nan ne wurin da Markus ya sha duka. Injin da masallatai ke saya yana da bolum biyu a gaba, kusa da juna. Ɗaya na makirfo, ɗaya na kiɗa. A gefensu akwai ɗan rami na filashi. Injin ba ya tambayar kowa, da ka kunna shi, in ya ji filashi a ramin, zai ƙifta jan ido sau uku ya fara rera abin da ke ciki. Shi ya sa Oga yake da doka a kan duk injin masallaci kafin ya fita shago: ka cire abin da ka yi gwaji da shi, ka murɗe bolum na kiɗa har ƙasa, ka liƙe shi da salatif ta yadda ko makaho ba zai murɗa shi bisa kuskure ba. Cire, kashe, liƙe. In na tsallake ɗaya, rula. In na yi su ba a jere ba, rula. Na sa masa suna Baba Salatif, duk 'yan layin suka ɗauka. Ya ji, ya ƙara min rula.

Shi da ƙirga yake gwada inji, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Ni kuwa na gano dabara. A wani bikin godiyar kaka na ɗauki muryar Mama tana ba da waƙa a zumuntar mata, ita ke tsara waƙoƙinta da kanta tana tuyar ƙosai. Waƙar farko tana farawa da bugun tulu, sai Mama ta ɗauka: “Yesu riƙe hannuna, hanya da ƙaya, ƙafata ba takalmi.” A wurin “takalmi” muryarta na hawa can sama inda ba kowace lasifika ke iya bin ta ba. In lasifika na da ciwo, ko kaɗan ne, a nan za ta yi ƙarar tsagewa. Mita ba ta nuna wannan. Na zuba waƙoƙin a wani ɗan filashi baƙi, bai fi farcen babban yatsa ba, kullum yana aljihun wandona na dama. Oga ya saurara sau ɗaya ya ce, "Dabarar ta yi. Amma muryar uwarka ce kake yawo da ita a aljihu, ka sani."

Aikin da na fi tsana a rayuwata shi ne sauke hon ɗin cocinmu. Kusoshi huɗu ne kawai, sun yi tsatsa, na zuba musu baƙin mai na kwance. Ni da Oga muka ɗaura shi shekara biyu kafin nan, ranar har mata suka yi guɗa. A shekarar nan da ba ma son ambata, dattawa suka zauna suka ce a sauke, kada a riƙa jin mu daga titi. Ku kuna goye lokacin, wasunku ma an gudu da ku ƙauye. An ƙona coci-coci a garin nan, an bi mutane har gida, Kirista da Musulmi duk an binne. Ba ma kiran sunan masu yi, sai dai a ce “yaran nan”, a waiga. Sujada ta koma minti arba'in, ba ganga, ba makirfo. Fasto na wa'azi kamar mai ba da sirri. Ranar nan iska ta buga ƙofa, kafin ka ce me, rabin coci na ƙarƙashin benci, har da dattijon da ke karanta sanarwa.

Aka hana babur. Aka kashe sabis ɗin waya, wayoyinmu suka koma tocila. Ko'ina shingen masu kaki, in ka zo sai ka sauka daga keke, ka ɗaga hannu, ka taka a hankali. Saurayi ba ya gudu a titi, ko kunama ce a wandonsa. Ni kuma ku duba abin da ke jakata: waya ja da baƙa, batir, dalma, salatif. Wa zai tsaya jin bayani? Na daina fita da jaka.

Oga ya tafi wurin 'yarsa a Jos bayan an kashe maƙwabcinsa. Ya ba ni makullin shago da rular, ya ce, "Ka riƙa dukan kanka." Ƙanwata Rahila aka tura ta wurin dangi. Na ce wa Mama mu ma mu tafi. Ta ce, "In kowa ya tafi, wa zai share coci?" Muka zauna, ni da ita, a gida mai ɗaki uku.

Wata Laraba Baba Modu ya zo karɓar injinsa da hantsi. Abin da ya ƙone a ciki na canza tun jiya, da safen nan na sa muryar Mama can ƙasa-ƙasa ina gwadawa. Yana zama a benci, ya ce min wushe, gaisuwarsu ta Barno, na ce wushe, sai muka ji dum daga wajen kasuwa. Har yau ban san ko taya ce ta fashe ko wani abu ba. Layin ya rikice, ana jan ƙofofi, masu shayi na kife tebur. Na naɗe wayar injin, na ɗaure masa a bayan kekensa, na ce, "Baba, tafi." Na kulle shago, na bi lungu na koma gida.

Da rana Mama ta zuba tuwo da miyar kuka. A gidanmu ba a taɓa abinci sai ta yi addu'a, kuma a shekarar nan addu'arta ta ƙara tsawo, don sai ta kira sunan duk wanda ya gudu, gida-gida, da inda yake. Ni tun ina yaro ban taɓa rufe ido duka biyu ba, ɗaya na kan nama. Hannuna kuma yana aljihu yana wasa da filashi. Ta kai kan iyalin Baba Yohanna, na sa hannu a aljihu, babu. Na duba na hagu. Na duba na riga. Sai na ga ramin injin a idona, da ɗan baƙin abu a ciki, a jikin baƙin inji, a hannun tsohon da ba ya gani sosai.

Na ce, "Mama."

Ba ta tsaya ba. Ba a katse ta.

Na ce, "Mama, na bar filashi a injin Baba Modu."

Ta buɗe ido. "Wane filashi?"

"Na waƙoƙinki. In ya kunna don kiran azahar, ke za ki fara fita ta hon."

Ba sai na yi muku dogon bayani ba. Hon biyu ne a kan masallacin, ni na ɗaura su, ɗaya na kallon titi. Sunan Yesu zai fita ta saman masallaci da tsakar rana, a shekarar da ake kashe mutum a kan abin da bai kai haka ba. Wa zai yarda kuskure ne? Kowa ya san wanda ke gyara wa Baba Modu inji. Kowa ya san muryar mai ƙosan bakin titi da ke waƙa tana tuya. Ba mutanen unguwar nake tsoro ba, yawancinsu sun san ni tun ina wanke inji da buroshi. Kunnen da ban sani ba nake tsoro, wanda zai ji ya kai labari. Shi kansa Baba Modu ba zai tsira ba.

Ta ce, "Ka kashe bolum ɗin da ogan naka ke dukanka a kai?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Ka tuna."

Na rufe ido na tuna. Na ga dum, na ga mai shayi, na ga igiyar da na ɗaure inji. Tsakanin nan babu komai. Na ce, "Mama, wanda ya manta na farko, ya za a yi ya tuna na biyu?"

Ta rufe tuwon da faifai, ta ɗauko gyale. Na ce ina za ki, ni kaɗai zan fi sauri. Ta ce, "Kai kaɗai a shinge za ka wuni. Kuma muryata ce, ni zan je in karɓo abata."

Na ɗauke ta a bayan keke. Mama ba ƙaramar mace ba ce, kuma gwiwarta na ciwo. Titi fayau, sai awaki. Ina taka feda ina kallon inuwar sandunan wuta, ta riga ta shige ƙarƙashinsu ta fara leƙowa ta gabas. Ba na bukatar agogo. Ɗan gyaran lasifika ya san lokacin kowace salla fiye da wasu masu yin ta.

A shinge muka tarar da layi, saboda ƙarar safe an tsananta. Muka sauka. Hannuna ɗaya a sama, ɗaya riƙe da keke, Mama na ɗingishi a gabana da nata hannuwan a sama. Mutum goma sha wani abu a gabanmu, ana ɗaga wa kowa riga. Ƙafata na so ta yi gudu, ina riƙe ta kamar ana riƙe kare. Na raɗa mata, "In ya tambaya, asibiti zan kai ki." Ta ce ba tare da ta juyo ba, "Ba za ka yi ƙarya da lafiyata ba. Kuma can ma in an tambaye ka, gaskiya za ka faɗa." Na ce a raina, yau matar nan za ta kai mu sama da wuri.

Mai kakin da ke tsaron shingen ya dube ni, ya dube ta. "Ina za ka da mama?"

Ta riga ni. "Ɗana, kaya ya manta a wurin mutane, shashasha ne. Na biyo shi don kada ya manta hanyar gida."

Ya yi ɗan murmushi, ya sa na ɗaga riga na juya, ya matsa tayoyin keke, ya ce mu wuce. Sai da muka yi nisan da aka yarda a hau, sannan na hau. A lokacin wani masallaci can nesa ya fara kira.

Muna shiga bakin lungun Baba Modu, masallacin na gabanmu kamar tsawon filin ƙwallo, sai na ji hon ya yi ƙwas. Wannan ƙarar kun san ta, ita ce in wuta ta shiga inji. Na taka birki. Babu amfanin ƙarasawa. Mama ta sauka ta dafa bangon wani gida. Maza na alwala a bakin kwata, wani tela na rufe shagonsa, yara na wasa da taya. Ni kaɗai a duk lungun na san abin da injin ke yi. Yana ƙifta ido. Na ƙirga tare da shi. Ɗaya. Biyu. Uku. Nan tulu zai shigo. Na ji leɓen Mama na motsi a gefena. Na kalli lungun da za mu bi in an fara, na tuna gwiwarta, na san ba inda za mu.

Fuu. Fuu.

Baba Modu na tofa wa makirfo yawu. Na sha jin kwaya a manyan taro, ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Ya kira sallarsa tas, murya garau, babu tulu, babu Mama. Ita kuwa ta sulale ta zauna a ƙasa a gindin bangon, ta ja gyale ta rufe fuska.

Kada ku ce an gama. Filashi na ciki, bolum biyu na kusa da juna, tsohon na lalube ne da hannu, ga la'asar na zuwa. Dole in shiga. Muka jira aka idar da salla, minti goman da suka fi wa'azin Fasto tsawo. Mutane suka fara fitowa suna neman takalma, suna kallon saurayin da bai yi salla ba yana tsaye da keke a ƙofar masallaci. A shekarar nan wannan kaɗai ya isa. Wani mai jar hula da ban sani ba ya matso. "Malam, wa kake jira?"

"Baba Modu. Ni ne mai gyara."

"Ina kayan gyaran?"

Ba ni da jaka. Sai muryar tsohon daga ciki: "Yaron Yohanna ne, ku bar shi. Ayuba, shigo, injinka yana ƙifta min ido."

Na cire takalmi na shiga ɗan ɗakin da ke gefen masallaci, inda batir da inji suke. Bai kashe ba. Jan idon na ƙiftawa, ɗan gilashin gaba na nuna waƙa ta huɗu tana tafiya. Na kai hannu kan bolum na kiɗa. Yana can ƙasa, da salatif baƙi a kansa, an ja shi tsaf an lanƙwasa bakinsa yadda Oga ke yi. Na rantse muku har yau ban tuna lokacin da na liƙa shi ba. Kaina ya gudu tun da aka yi dum, yatsun da suka sha rula su suka tsaya suka yi aikin. Na zare filashin.

Baba Modu ya ce, "Mene ne wannan?"

Ƙarya uku suka zo min a tare, kowacce mai kyau. Ta ƙofa ina hango Mama zaune a ƙasa. Na rage murya na ce, "Waƙar coci ce, Baba. Muryar Mamata. Da ita nake gwaji, na manta ban cire ba."

Ya leƙa waje, mai jar hula na nan tsaye. Ya jawo ƙofa ya rage ta.

"Tun da na kunna yana waƙa a ciki?"

"E, Baba."

"Ina kiran salla yana waƙa?"

"E. Amma ba ta fita ba."

Ya lalubo injin, ya shafa salatif ɗin da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa. Ya ce, "Wannan liƙin Yohanna ne." Na ce ni na yi. Ya ce, "Na ce na Yohanna ne. Kai naka shi ne wancan." Ya nuna aljihuna. "Sa shi can ƙasa. Ni ban gani ba, ido ba ni da shi. In ka sake, ba sai wani ya zo ba, ni zan kashe ka."

Ya rako ni har waje, ya ce wa mai jar hula, "Waya ce ya saki, ya gyara." Ya hango Mama ya ɗaga murya: "Mai ƙosai, ya zo da kansa? Sannu. Yaronka ba shi da kai, amma hannu yana da shi." Mama ta miƙe ta rusuna ta ce, "Baba, mun gode. Allah ya tsare mu gaba ɗaya." Ya ce amin.

Da ƙafa muka koma, na tura keke. A shinge mai kakin ya ce, "Mama, an samo kayan?" Ta ce, "An samo, ɗana."

To ka ji, Markus. Injin coci ne naka, na sani, ko ya fita waƙar soyayya ce kawai za ta katse wa Fasto addu'a, a yi dariya. Amma hannu ba ya sanin wane inji ne a gabansa. Abin da ka saba masa ranar da ba komai, shi zai yi ranar da kanka ya gudu. Rular tana shago, a ƙusa ta biyu. Duk mai son zama a teburin bayan coci, ta nan ake shiga, kuma wata uku na farko buroshi ne da fetur.

Da muka isa gida tuwon ya sandare, miya ta yi fata. Na wanke hannu na kai kan kwano, don cikina kamar an yashe rijiya. Mama ta buge min hannu, daidai inda na buge naka, Markus. Ta gyara zama, ta ce, "Ba mu ce amin ba. A ina muka tsaya?"

Na ce, "Iyalin Baba Yohanna."

Ta ɗora daga nan, gida-gida, ba ta tsallake kowa ba. Da ta zo ƙarshe ta ƙara suna ɗaya da ba ya cikin jerin, Modu ladan. Na ajiye filashin a kan tabarma inda take ganinsa, na rufe ido duka biyu.